Na Bi Sawun Baba Tsoho Zuwa Kogin Kaladan

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Mutanen Ibadan sun san Letmauk, a Legas kuwa ga Dodan, ga Myohaung, ga Arakan, ga Tamandu. Bakinmu ya saba da sunayen nan har mun daina tambayar inda aka samo su. Sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na yammacin ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda samarin Afirka ta Yamma suka gwabza da sojojin Japan a yaƙin duniya na biyu, daga ƙarshen 1943 zuwa 1945. Kakana na wajen uba yana cikin samarin nan. Baba Tsoho muke ce masa, mu jikoki, har 'ya'yansa ma suka ɗauki sunan daga bakinmu. Ya rasu ya haura shekara casa'in, yana cikin hankalinsa sarai, Allah ya jiƙansa.

Bai cika son zancen yaƙi ba. In an matsa masa sai ya ba da labarin ruwan sama, ko na jirgin ruwa, ya tsallake sauran. Bai yi boko ba, amma akwai lambobi biyu da ya haddace har ya koma ga Mahaliccinsa: lambarsa ta soja, da ta amininsa wanda suka sa hannu rana ɗaya, suka shiga jirgi ɗaya, shi ya dawo, wancan ya kwanta dama a kwarin Kaladan. Aminin nan ya bar matarsa da goyo. Goyon nan ita ce Gwaggo, babbar yayar mahaifina. Sai da na yi gemu sannan na san ba Baba Tsoho ya haife ta ba, don ba a taɓa nuna hakan a gidan ba, ko a fuska ko a rabon gado. Tun tana ƙarama ya sa ta haddace lambar mahaifinta, yana ce mata sunaye suna kama da juna a takardun Bature, amma lamba ba ta da biyu.

Bayan rasuwarsa Gwaggo ta karanta mini lambar da ka, na shigar da ita a shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth. Nan take sunan ya fito. Ba shi da kabarin da aka sani, amma an sassaƙa sunansa a jikin dutsen tunawa da ke maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Ni dai ƙafata ba za ta kai ni ba, ɗan nan. Kai ka je ka gano mini." Abin da ya tashe ni ke nan. Na yi tafiyar kafin ta'asar 2017, wadda ta kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh, kuma kafin juyin mulkin soja na 2021. Yau jihar Rakhine, wato tsohuwar Arakan, wadda kogin Kaladan ya ratsa, fagen fama ce, ba wurin da zan ce wa kowa ya je ba.

Runduna ta 81, wadda Baba Tsoho yake ciki, an kafa ta ne a Najeriya a watan Maris na 1943, ta haɗa 'yan Najeriya da na Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da na Saliyo da Gambiya. Daga Legas suka shiga jirgin ruwa, suka zagaye ƙasan Afirka ta Kudu, suka sauka Bombai ta Indiya bayan makonni a kan teku. Yakan ce a jirgin nan ne ya fara sanin mutum na iya neman gabas ya rasa, sai ya jira fitowar rana. Ni kuwa jirgin sama ya ajiye ni Yangon kafin in gama gajiya. Ban daɗe a birnin ba, na ajiye ziyarar maƙabarta sai dawowa, don ina son in fara ganin ƙasar da ta ci mutumin kafin in ga sunansa.

Ƙaramin jirgi ya kai ni Sittwe, garin da ke bakin kogin Kaladan, daidai inda yake zuba cikin Tekun Bengal. A zamaninsu Akyab ake ce masa, kuma sojojin ƙawance sun shige shi a farkon Janairun 1945 bayan Japanawa sun janye. Abin da ya fara sosa mini rai a garin ba na 1945 ba ne. Ranar Juma'a na nemi babban masallacin garin, tsohon gini mai hasumiyoyi a tsakiyar gari, na tarar da shi a rufe, ciyawa ta kama bangonsa, 'yan sanda na zaune a ƙofa. Tun rikicin 2012 aka kwashe Musulmi fiye da 100,000 zuwa sansanoni, galibinsu a bayan garin, waɗanda suka rage aka killace su a unguwa guda. Na yi sallata a masauki.

Ya dame ni ƙwarai, domin ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da Baba Tsoho yake faɗa da fara'a shi ne yadda suke shiga ƙauye a gajiye, su ji an yi musu sallama irin tasu. Mutanen ƙauyen sukan tsaya su zuba ido suna kallon baƙaƙen sojoji suna alwala, daga nan sai a matso, a ba su ruwa, wani lokaci a bi sahu ɗaya. Ba shi kaɗai ya ga wannan halin ba. Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya na soja daga yankin Owo, ya ji mummunan rauni lokacin da Japanawa suka far musu a bakin Kaladan a watan Maris na 1944. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi, shi da David Kargbo ɗan Saliyo, wata da watanni, alhali ya san in an gano ransa ne a bakin komai. Jikokin irin waɗannan mutane ne na tarar a bayan waya mai ƙaya, an ce musu ba 'yan ƙasa ba ne.

Da asuba na shiga jirgin ruwan da ke hawa kogin zuwa Mrauk U. A bakinsa Kaladan yana da faɗin da da ƙyar kake hango ɗaya gaɓar. Ruwan ja-ja ne, ga masunta cikin kwalekwale masu tanti, ga gonakin shinkafa da aka girbe sun miƙe har gindin duwatsu, ga bauna suna kwance cikin taɓo. Rani ne, sanyin safiya har yana sa mutum ya ja mayafi. Kallon wurin ba zai taɓa nuna maka wahalar da aka sha a cikinsa ba. Sai ka ɗaga ido ka dubi duwatsun arewa, jere bayan jere, kore shar da gora, sannan ka fara fahimta. Yankin nan yana samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, kusan dukkansa cikin 'yan watanni. In damina ta sauka hanya takan narke, rafin da ka tsallake da safe ya fi ƙarfin mutum da yamma.

Ta cikin duwatsun nan suka shigo. Daga Chiringa, wadda yau take cikin Bangladesh, suka sare hanyar jif mai tsawon mil 75 zuwa Daletme a bakin Kaladan, da adda da diga da shebur, cikin 'yan makonni, har aka riƙa kiranta hanyar 'yan Afirka ta Yamma. Daga inda mota ta tsaya kuwa, komai daga sama yake zuwa. Runduna ta 81 ce babbar runduna ta farko a yaƙin Bama da aka riƙa ciyar da ita kacokan ta jirgin sama: jirage su zo su saki buhuna da akwatunan harsashi da laima, a tsince su a fili. Amma abin da ya faɗo sai an ɗauke shi, kuma a nan aikin Baba Tsoho yake. Yana cikin rukunin 'yan dako na soja, masu kaki da lamba kamar kowa, waɗanda makaminsu adda ce, aikinsu kuma ɗaukar harsashi da sassan igwa da na'urar oba-oba a ka, su hau dutse su gangara, su kuma ɗauko masu rauni a kan makara. Alamar rundunarsu gizo-gizo ne baƙi a kan rawaya. Ta runduna ta 82, wadda ta biyo bayansu a 1944, māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Ko Turawan da suka zana alamar sun san cewa a kan wuyan 'yan dako aka yi yaƙin nan.

Ina zaune a saman jirgin ina tuna wuyansa. Har ya tsufa bai ranƙwafa ba, tafiyarsa a miƙe, amma akwai wani wuri a tsakiyar kansa da gashi bai sake fitowa ba. Muna yara mukan taɓa wurin, ya kama hannunmu ya yi murmushi, bai ce komai ba.

Daga Mrauk U na ɗauki mota zuwa Kyauktaw, tare da wani saurayi ɗan garin da ke yi mini tafinta. Wajajen nan ne iyakar da suka kai a hawan farko. Sun iso wajajen ƙarshen Fabrairun 1944, sai Japanawa suka yi musu zobe, suka ƙwace tudun da ke da wurin ibada a bisansa, wanda ya hango garin da kogin, dole rundunar ta ja da baya cikin daji. A wannan janyewar ne aminin Baba Tsoho ya rasu. Sau ɗaya tak na ji labarin daga bakinsa, kuma ba ni yake ba wa ba, Gwaggo yake ba wa, ina gefe. Ya ce harsashi ya same shi a ciki, ya ajiye kayan da ke kansa ya goya shi, suka yi tafiyar wuni, da almuru ya ji jikin ya yi nauyi. Shi da wasu mutum biyu suka haƙa rami da adda, suka yi masa salla a tsaye cikin duhu ba tare da ɗaga murya ba, suka rufe, suka bi sahu. Ya ce mata, "Ban san sunan wurin ba, 'yata. Da na sani da na faɗa miki."

Na hau tudun. Ana cire takalmi tun daga matakala. Daga sama ana ganin kogin ya yi lanƙwasa, da gadar da aka gina daga baya, da gonaki, da duwatsun da ba su da iyaka. A wani wuri cikinsu kabarin yake, gora ta rufe shi shekara saba'in. Na fuskanci alƙibla na yi addu'a. Tafintana ya koma gefe ya ba ni wuri, da na gama ya tambaye ni ko dangina ne. Na ce masa kakana ne, don ban ga wata amsa da ta fi wannan gaskiya ba. Wani dattijo da ke sharar harabar ya ce mahaifiyarsa takan ba su labarin dogayen baƙaƙen sojoji masu zane a fuska, waɗanda suka wuce ta ƙauyensu da kaya a ka. Abin da ya rage na tunawa da su a wurin ke nan. Babu allo, babu dutse.

Mrauk U ita ce Myohaung ta barikin Legas. Babban birnin daular Arakan ce daga 1430 har zuwa lokacin da Bamawa suka ci ta a wajajen 1785. Gidajen ibadarta na dutse ne, baƙaƙe, masu kaurin bango kamar ganuwa, irin su Shitthaung da sarki Min Bin ya gina a 1535, kuma ƙananan hasumiyoyinsu sun bazu cikin gonaki kamar rumbuna bayan kaka. Awaki na kiwo a tsakaninsu, mata na ɗibar ruwa da tulunan ƙarfe. A nan rundunonin biyu, ta 81 daga arewa da ta 82 daga yamma, suka haɗu suka karɓe garin a ƙarshen Janairun 1945. Baba Tsoho ya kwana a gindin ɗaya daga cikin gine-ginen nan. Abin da ya riƙe game da wurin shi ne a nan ya fara cire takalmi ya ga yadda matsattsaku da danshi suka mai da ƙafarsa.

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma sai cikin 1946 akasarinsu suka sami jirgin komawa gida. Sojojin Afirka wajen 90,000 ne suka yi yaƙin Bama, albashinsu bai kai na Turawan da suke kwana rami ɗaya da su ba, kuma rundunar da suke ƙarƙashinta, ta 14 ta Janar William Slim, ita kanta ana ce mata wadda aka manta. To ina ga ɗan dakon cikinta? Ina ganin an zalunce su, kuma ba na jin sunan bariki ya biya bashin.

Sai dai a dararen da na yi a Mrauk U, ba zaluncin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Lissafi na riƙa yi. Soja ta ci shekara uku da 'yan kai a rayuwarsa. Sauran kusan saba'in fa? Yana sauka daga jirgi, kafin ya nemi aure, sai da ya nemo matar amininsa, ya tarar ta yi wani auren, yarinyar kuma tana hannun wata tsohuwa da ba ta da ƙarfi. Ya roƙa aka ba shi riƙonta. Don haka Inna, kakarmu, ta shigo gidan ta tarar da 'ya tana jiranta, kuma sun yi zaman aure fiye da shekara sittin, ita kaɗai. Ya yi aikin gadi, ya yi na layin dogo, ya yi noma, duk 'ya'yansa maza da mata sun yi makaranta a lokacin da ake yi wa mai kai 'ya mace boko dariya. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki yaro ba. Ya ce ya ga yadda ake ɗaure babban mutum a yi masa bulala a gaban fareti, ya yi alkawari hannunsa ba zai yi wa na ƙasa da shi haka ba. Horonsa shi ne ya zaunar da kai, ya yi shiru yana kallonka, har ka gwammace dukan.

Kowane dare sai ya zagaya ɗakuna ya ƙirga mu kafin ya kwanta. In ana ruwan sama kuwa ba ya barci sam. Za ka ji motsinsa da fitila, yana duba inda ke yoyo, yana gyara wa yara mayafi. Muna ɗauka tsabar kula ce. Sai da na ga duwatsun Kaladan na gane cewa ruwan sama yana mai da shi wani wuri, shi kuma ya zaɓi ya yi maganin abin da hidimar iyalinsa maimakon ya sauke shi a kansu. Na san gidajen da tsohon soja ya dawo da yaƙin cikin ƙirjinsa, matarsa da 'ya'yansa suka biya. Ba na zarginsu, abin da suka gani ba kaɗan ba ne. Amma na san irin ƙoƙarin da mutum zai yi kullum, shekara da shekaru, kafin ya hana hakan faruwa a gidansa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, babban ɗansa namiji ya zo ya durƙusa ya ce zai shiga soja. Baba Tsoho ya ce masa, "Na yi nawa, na yi naka. Tashi ka koma makaranta." Magana ta ƙare a nan. Da idon Inna ya mutu a ƙarshen rayuwarta, ga 'ya'ya ga jikoki cike da gida, amma shi ke riƙe hannunta ya kai ta inda za ta yi alwala, shi ke yanke mata farce, shi ke gaya mata wanda ya shigo da irin kayan da ya sa. Ta riga shi da 'yan shekaru. Bayan rasuwarta ne ya fara tsufa na gaske.

Na koma Yangon na ɗauki tasi zuwa Taukkyan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau. An fara maƙabartar a 1951, aka tattaro gawawwaki daga maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw. Kaburbura 6,374 ne na yaƙin duniya na biyu, 867 daga ciki ba a san masu su ba. Ciyawa a gyare, furanni tsakanin kabari da kabari, samari da 'yan matan Yangon suna zaune a inuwa suna hira, don wurin ya zame musu wurin shan iska. A tsakiya ga dogayen ginshiƙai jere biyu, da zagayayyen gini a tsakaninsu, wanda aka buɗe a 1958. A jikinsu aka sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba: Indiyawa, Gurka, Turawa, Bamawa, 'yan Afirka ta Gabas da ta Yamma. Rubutun girmamawar da ke tsakiya an yi shi da Turanci da harshen Bama da harsunan Indiya uku. Babu harshen Afirka ko ɗaya.

Da na isa ɓangaren 'yan Afirka ta Yamma sai na ga gaskiyar Baba Tsoho. Yawancin samarin nan an rubuta su ne da sunan yanka haɗe da sunan garin da suka fito, saboda haka suna ɗaya sai ya maimaitu sau da dama a jere. Shafin hukumar ya riga ya ba ni lambar ginshiƙin, na kuma gwada lambar soja da littafin rajista, sannan na tabbata. Sunan yana sama kaɗan da kaina. Na bi jerin da ido daga sama har ƙasa, ina tunanin yawancinsu ba su kai ashirin da biyar ba, da yawa ba su bar baya ba, waɗanda suka bari kuma ba kowa ne ya sami aminin da zai nemo goyonsa ba.

Na kira Gwaggo daga gindin ginshiƙin, a gida hantsi bai gama ɗagawa ba.

"Gwaggo, ina wuni, ko in ce ina kwana. Ga ni a gabansa."

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gani, hannuna ma yana kai."

"An rubuta daidai?"

"Daidai, Gwaggo. Lambar ma ita ce wadda kuka ba ni."

Ta yi hamdala, ta ce in yi masa addu'a in haɗa da Baba da Inna, in kuma haɗa da na sama da shi da na ƙasa da shi a jerin, tunda wataƙila ba mai zuwa musu. Sannan ta ce kada in ɗauki hoton sunansa shi kaɗai, in ɗauki dukkan allon.

Haka na yi, na bi ginshiƙan 'yan Najeriya ɗaya bayan ɗaya har batirin wayata ya kusa ƙarewa. Tun da na dawo, jikokin wasu tsofaffin sojojin Bama sukan neme ni in duba musu nasu. Abin da nake fara tambaya shi ne lambar soja. Takan kasance a jikin takardar sallama, ko littafin albashi, ko wasiƙar da aka aiko wa iyali, in ba a yar ba. Wanda ya zo da suna kawai, sai mu zauna mu bi masu irin sunan ɗaya bayan ɗaya, muna gwada bataliya da shekarar rasuwa da abin da tsofaffin gidan suka riƙe.